Yadda ake feɗe babbar lamba har wutsiya: jagora da misalin 5,212,116

Ɗalibin da ke karatun hisabi a makarantun Makka ko Jidda, da malamin da ke koyar da yaran gida bayan la'asar, da mai rabon gado, duk sukan ci karo da lamba mai alƙaluma shida ko bakwai, a tambaye su: me ke raba ta daidai, kuma wace irin lamba ce? Aikin yana da tsari. Kusan duk abin da za a faɗa a kan lamba yana fitowa daga abu guda, wato sanin lambobin awwali da aka ninka suka haife ta. Lamba awwali ita ce wadda ta fi 1, kuma babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka dai. Za mu bi 5,212,116 daga farko har ƙarshe.

Rubuta ta daidai tukuna

A nan Saudiyya, kuskuren farko a wajen karatu yake faruwa. A rasit ko takardar kotu za ka ga lambar da alƙaluman Larabci: ٥٢١٢١١٦. Wanda ya taso da alƙaluman boko yakan ɗauki biyar ɗin (٥) a matsayin sifili, shida kuma (٦) ya karanta ta bakwai, sifilin gaske kuwa ɗigo ne da ke ɓacewa idan biron ya yi rauni. Jerin alƙaluman daga hagu zuwa dama yake, kamar na boko, ko da yake rubutun da ke kewaye da shi daga dama yake tafiya.

Na biyu, Balarabe yana faɗin ɗaiɗai kafin gomiya. Idan ana yi maka shifta ta waya, cikin sauƙi 16 takan koma 61. Hausa ma tana da nata tarkon: "dubu ɗari biyu da sha biyu" na iya zama 200,012 ko 212,000. Saboda haka ka maimaita kalmar dubu: miliyan biyar da dubu ɗari biyu da dubu goma sha biyu da ɗari da goma sha shida. Ka rubuta ta rukuni-rukuni, uku-uku daga dama: 5 | 212 | 116. Waɗannan rukunai za su yi mana aiki nan gaba kaɗan.

Ƙananan masu raba ta, ba tare da doguwar rabawa ba

Fara da 2. Alƙalamin ƙarshe 6 ne, don haka lambar cika ce, ba mara ba. Kada ka tsaya nan. Dubi biyun ƙarshe: 16, huɗu tana raba ta, to 4 tana raba lambar duka. Dubi ukun ƙarshe: 116 ÷ 8 = 14, saura 4. Takwas ba ta shiga. Ke nan 2 ta shiga sau biyu kawai. Dalilin wannan dabara shi ne 4 tana raba 100, 8 tana raba 1,000, don haka duk abin da ke gaban waɗannan alƙaluma ba shi da ta cewa.

Biyar ba ta shiga, tunda ƙarshen ba 0 ba ne ba 5 ba.

Don 3 da 9, tara alƙaluman: 5+2+1+2+1+1+6 = 18. Tara tana raba 18, to 9 tana raba lambar. Wannan yana aiki ne domin 10, 100, 1,000 kowacce saura 1 take bari idan aka raba ta da 9. Amma a kula: dabarar ba ta wuce 9 ba. Jimlar alƙaluma ba ta gaya maka komai game da 27. Sai ka raba da 9, ka sake tarawa.

Yanzu rukunan nan. 1,001 = 7 × 11 × 13, kuma 1,000 ya gaza ta da ɗaya tak. Saboda haka ka ɗauki rukunin dama, ka debe na tsakiya, ka ƙara na gaba, kana canjawa haka har su ƙare: 116 − 212 + 5 = −91. Ka manta da alamar debewa, ka duba 91. Ita ce 7 × 13. To 7 da 13 duk suna raba lambarmu, 11 kuwa ba ta raba ta. Gwaji ɗaya, amsa uku.

Akwai ɗan'uwan wannan da ba kasafai ake koyarwa ba. 999 = 27 × 37. A wannan karon tara rukunan za ka yi duka, babu debewa: 116 + 212 + 5 = 333. Ita kuma 333 = 9 × 37, ke nan 37 tana shiga, 27 kuwa ba ta shiga.

Sai a rage ta mataki-mataki:

5,212,116 ÷ 4 = 1,303,029
1,303,029 ÷ 9 = 144,781
144,781 ÷ 7 = 20,683
20,683 ÷ 13 = 1,591

Bayan kowace rabawa, ka sake gwada lambar da ka raba da ita kafin ka wuce. Jimlar alƙaluman 144,781 ita ce 25, to 3 ta ƙare. 20,683 ÷ 7 tana barin saura 5, to 7 sau ɗaya ce. 1,591 ÷ 13 ma saura 5. Wanda ya tsallake wannan yakan rasa maimaici, kuma duk lissafin da zai biyo baya ya lalace.

Ragowar da ke kama da awwali

Mu ɗauka ba ka san dabarar 37 ba, ka iso ga 1,591. Mara ce, 3, 5, 7, 11, 13 duk ba su raba ta ba. Nan ne mafi yawan ɗalibai ke gajiya su rubuta "awwali". Ba haka ake yanke hukunci ba.

Ƙa'idar ita ce ka gwada duk lambobin awwali har zuwa tushen murabba'in ragowar, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ragowar. Idan lamba ta rabu gida biyu, a × b, dole ɗayansu bai wuce tushen ba, don in duka biyun sun wuce, ninkinsu zai fi lambar. 40 × 40 = 1,600, ke nan iyakarmu 39. Abin da ya rage a gwada: 17 (saura 10), 19 (saura 14), 23 (saura 4), 29 (saura 25), 31 (saura 10), sai 37, wadda ta shiga daidai sau 43. Ita ce ta ƙarshe a jerin, wanda ya tsaya a 31 ya yi asarar wahalarsa. Ka lura kuma da amfanin ragewa tun farko: iyakar asalin lambar 2,283 ce, yanzu ta dawo 39.

Akwai gajeriyar hanya ta Fermat, masanin Faransa na ƙarni na 17, wadda ke da amfani idan masu rabawar biyu suna kusa da juna. Ɗauki murabba'in farko da ya fi lambar, ka debe ta: 1,600 − 1,591 = 9, ita kuma 9 murabba'in 3 ce. To 1,591 = (40 − 3) × (40 + 3) = 37 × 43. Da bambancin bai fito murabba'i ba, sai a gwada 41 × 41, sannan 42 × 42. Idan masu rabawar sun yi nisa da juna, wannan hanya ta fi gwaji ɗaya-ɗaya jan lokaci, don haka gwada ta sau uku ko huɗu ya isa.

Mun samu: 5,212,116 = 2 × 2 × 3 × 3 × 7 × 13 × 37 × 43.

Kafin ka gina komai a kai, tantance. Mutane sun saba da gwajin tara, amma shi makaho ne ga musayar wuri: 5,212,116 da 5,212,161 jimlar alƙalumansu ɗaya, 18. Gwajin 11 ya fi shi a nan. Daga dama, ƙara ka debe: 6 − 1 + 1 − 2 + 1 − 2 + 5 = 8. Yanzu ninka ragowar kowane ɓangare bisa 11, wato saurar da yake bari idan aka raba shi da 11: 4 × 9 = 36, saura 3; sau 7, 21, saura 10; sau 2 (ragowar 13), 20, saura 9; sau 4 (ragowar 37), 36, saura 3; sau 10 (ragowar 43), 30, saura 8. Sun haɗu a 8. Wadda aka juya ƙarshenta kuwa 9 take bayarwa, da nan take an kama ta.

Abin da ke fitowa daga ginin

Yawan masu raba ta. Ga kowace awwali, ƙara ɗaya a kan yawan maimaicinta, ka ninka. Biyu ta zo sau biyu, to 3. Uku ma 3. Sauran huɗun kowacce 2. 3 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 144. Ɗayan da ake ƙarawa shi ne zaɓin rashin ɗaukar wannan awwali gaba ɗaya, shi ne kuma wanda aka fi mantawa. Cikin 144 ɗin har da 1 da lambar kanta.

Jimlar masu raba ta. Ba sai ka jera su ba. Ga kowace awwali ka tara 1 da ita da murabba'inta, gwargwadon maimaicinta: (1+2+4) = 7, (1+3+9) = 13, sai 8, 14, 38, 44. Ninka: 7 × 13 = 91, sau 8 = 728, sau 14 = 10,192, sau 38 = 387,296, sau 44 = 17,041,024. Debe lambar kanta, ya rage 11,828,908.

Da wannan ake raba lambobi gida uku, rabon da littattafan hisabi na Larabci suka gada daga Girkawa. Idan jimlar masu rabawa, ban da lambar, ta yi daidai da ita, lambar tammi ce, cikakkiya: 6 = 1+2+3, 28 = 1+2+4+7+14. Idan ta gaza, naƙisi ce. Idan ta zarce, za'idi. Tamu ta zarce har fiye da ninki biyu. Gaskiyar magana, don wannan hukunci kaɗai ba a buƙatar duk wancan ninki: duk lambar da 6 ko 28 ke rabawa, in ba su kansu ba, za'idi ce. Cikakku kuwa ba su da yawa: 6, 28, 496, 8,128, sai a yi tsalle zuwa 33,550,336. Babu ko ɗaya mai alƙaluma biyar, shida ko bakwai. Duk waɗanda aka sani cika ne, kuma har yau masana ba su gano ta mara ba, ba su kuma tabbatar da cewa babu ita ba. Kada a ɗauka dai duk lambar mara naƙisi ce: 945 za'idi ce, ita ce mafi ƙanƙanta a cikin irinta.

Ko tana da masoyiya? Lambobi biyu masoya ne idan jimlar masu raba kowacce, ban da ita kanta, ta ba da ɗayar, kamar 220 da 284. Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya yi aiki a Bagadaza ya rasu a 901, ya fitar da ƙa'idar samo irinsu, Kamaluddin al-Farisi kuma daga baya ya kawo 17,296 da 18,416. A kowane irin wannan aure, ƙaramar za'idi ce, babbar naƙisi. Abokiyar da za mu gwada ita ce 11,828,908, amma ita 28 × 422,461 ce, wato za'idi. Magana ta ƙare, ba sai an feɗe ta ba.

Lambobin da ba su haɗa komai da ita ba. Wannan ƙidayar masanin hisabi Euler ce: nawa ne daga 1 zuwa lambar waɗanda babu wata awwali da ke raba su tare da ita? Ga awwali da ta zo sau ɗaya, debe mata ɗaya. Ga wadda ta zo sau biyu, ninka ta da abin da ya rage bayan an debe ɗayan. 4 ta ba da 2, 9 ta ba da 6, sauran 6, 12, 36, 42. Ninkinsu 1,306,368, kusan rubu'in lambar. Ƙananan awwali su ke cinye yawancin: 2 ta kwashe rabi, 3 ta kwashe sulusin abin da ya rage.

Murabba'i ce?

Wannan lamba tana da yaudara a nan. Murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8, kuma idan ya ƙare da 6, alƙalamin da ke gabansa mara ne. Tamu ta ƙare da 16, ta tsallake. Ragowar murabba'i bisa 9 ba ya wuce 0, 1, 4 ko 7, tamu 0, ta sake tsallakewa. Ka danna tushe a kalkuleta, za ka ga 2283.0059, kuma idan an saita ta ba ta nuna abin da ke bayan ɗigo, 2283 za ta nuna maka cif. Amma 2,283 × 2,283 = 5,212,089, saura 27. Waɗancan gwaje-gwaje korewa kawai suke iyawa, ba sa tabbatarwa. Hujjar gaske tana cikin ginin: a murabba'i kowace awwali takan zo biyu-biyu, nan kuwa 7 ita kaɗai ta zo. Yawan masu rabawa ma alama ce, don murabba'i ne kaɗai ke da adadin masu rabawa mara, namu 144.

Ba za a iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu ba, domin 7 da 43 suna barin saura 3 bisa 4 kuma sau ɗaya-ɗaya suka zo. Huɗu kuwa kullum suna isa, kamar yadda Lagrange ya tabbatar a 1770, kuma saurar 27 ɗin nan ta ba mu su a ɓagas: murabba'in 2,283 da na 5 da na 1 da na 1.

Akwai wasu laƙabobi da za ka gani a shafukan intanet, kamar Harshad, wato lambar da jimlar alƙalumanta ke raba ta. Tamu tana ciki: 5,212,116 ÷ 18 = 289,562. Irin waɗannan sun rataya ne a kan rubutun goma-goma, ka sauya tsarin rubutu laƙabin na iya tafiya. Ba su kai na sama nauyi ba. A tsarin biyu-biyu na kwamfuta lambar tana da alƙaluma 23, 10011111000011111010100, kuma sifili biyun da ke ƙarshe su ne 2 × 2 ɗin da muka gano tun farko.

A teburin rabon gado

Mu ce bayan an biya bashi da wasiyya, dukiyar da ta rage riyal 5,212,116 ce. Daga ginin kaɗai ka san wane kaso zai fita cif. Rabi 2,606,058, sulusi 1,737,372, rubu'i 1,303,029, sudusi 868,686. Sumuni kuwa ba zai fita ba, tunda 8 ba ta shiga: riyal 651,514 da halala 50. Ke nan mas'alar da asalinta 6 ko 12 ne za ta rabu lafiya, mai asalin 8 ko 24 sai an sauka zuwa halala. Hanya mafi tsabta ita ce a mayar da kuɗin duka halala tun farko, a ninka da 100, a yi rabon, a yanke ɗigo sau ɗaya a ƙarshe. Wanda ke yankewa a kowane mataki zai tara kason magada ya ga bai koma asalin dukiyar ba.

Idan lamba ta ƙi rabuwa

Kalandar Hijira ta lissafi tana zagaye ne a shekara 30: 19 masu kwana 354, 11 masu kwana 355. Jimla 6,726 + 3,905 = 10,631. Tushenta ya ɗan wuce 103, don haka akwai awwali 27 da za a gwada, daga 2 zuwa 103. Babu wadda ta shiga, 10,631 awwali ce. Abin da ya fi shafarmu shi ne 7: saura 5 take bari. Wato bayan shekara 30 ranar mako takan gusa da kwana biyar, kuma sai an yi zagaye bakwai, shekara 210, kwana 74,417, kafin kwanan wata da ranar mako su sake haɗuwa yadda suka fara. Ta miladiyya ta fi sa'a: shekara 400 kwana 146,097 ne, wato 27 × 7 × 773, mako 20,871 cif. A kiyaye: wannan lissafi ba na kalandar Ummul Ƙura ba ne, wadda ke bin lissafin falaki a kan Makka, balle azumi da hajji da ake jiran sanarwar ganin wata.

Gwaji ɗaya-ɗaya yana da iyaka. Lamba mai alƙaluma 20 tushenta alƙaluma 10 ne, hannu ba zai kai ba. Fermat kansa ya zaci 4,294,967,297 awwali ce, sai a 1732 Euler ya nuna 641 × 6,700,417 ce. Ga manyan lambobi ana amfani da wata ƙa'ida: idan n awwali ce kuma mara, ka ninka 2 da kanta sau n − 1, ka raba da n, saura 1 za ta fito. In ba 1 ta fito ba, tabbas lambar ba awwali ba ce, ko da ba ka san mai raba ta ba. In 1 ta fito, kada ka yi saurin murna. 341 = 11 × 31, amma tana cin wannan jarrabawa, domin 1,024 = 3 × 341 + 1. Ita kuwa 561 = 3 × 11 × 17 tana cin ta ko da an sa, a madadin 2, kowace lamba da ba ta haɗa komai da ita ba. Shi ya sa manhajoji ke amfani da gwajin Miller da Rabin, wanda ya toshe wannan kafa, suna maimaita shi da lambobi daban-daban. Awwali da aka gano a Oktoban 2024, wato 2 ninke da kanta sau 136,279,841 a debe ɗaya, alƙalumanta 41,024,320 ne.

Lambar da ta fi ƙarfin kalkuleta

Kalkuletar makaranta alƙaluma goma ko sha biyu take nunawa. Excel kuma 15 yake riƙewa, duk abin da ya wuce haka sai ya mayar da shi sifili ba tare da gargaɗi ba, don haka doguwar lamba a matsayin rubutu ake shigar da ita. Idan ragowa kawai kake nema, gutsure ta. Ga 5,212,116 bisa 97: ɗauki 521, saura 36. Jawo 2, ya zama 362, saura 71. Jawo 1, 711, saura 32. Jawo 1, 321, saura 30. Jawo 6, 306, saura 15. Amsa 15, kuma ba ka taɓa riƙe lambar da ta kai dubu ba.

Da wannan hanya za ka iya tantance lambar IBAN, wato lambar asusun banki ta ƙasa-da-ƙasa, kafin ka tura kuɗi. Ta Saudiyya tana da gurbi 24, tana farawa da SA da alƙaluma biyu na tantancewa. Ɗauke waɗannan huɗun ka kai su ƙarshe, ka mayar da haruffa lambobi, A ta zama 10, B 11, har S ta zama 28. Sai ka bi doguwar lambar gutsure-gutsure bisa 97 kamar yadda muka yi. Idan saura 1 ta fito, rubutun ya daidaita. Da yake 97 awwali ce kuma ta fi duk bambancin da alƙalami ɗaya zai kawo, canjin alƙalami guda ko musayar biyu da ke jere ba za su tsira ba. Abin da gwajin ba ya gani shi ne ko asusun na wanda kake nufi ne, wannan sai ka duba sunan da banki ya nuna kafin ka danna.